Tarihin Dakta Venkataswamy, Likitan Ido Mai Murɗaɗɗun Yatsu

 Da aka ce kowane rukuni ya kawo abin da za a sa a takardar cikar shekara ta bana, mu 'yan kasuwa da muke ajin yaƙi da jahilci muka zauna muka yi shawara, muka ce tarihin wani likitan ido za mu kawo muku. Mutumin Indiya ne, ya rasu tun shekarar 2006. Sunansa Govindappa Venkataswamy. Sunan akwai nauyi a baki, su kansu mutanen ƙasarsa Dakta V suke ce masa, to mu ma haka za mu riƙa kiransa.

Abin da ya sa muka zaɓe shi, duk macen da take zaman kasuwa ta san darajar ido. Da shi ake tsintar shinkafa, da shi ake duba mudu ko ya cika, da shi ake bambance ɗari biyu da ɗari biyar idan magariba ta kawo kai. Mu da muka haura arba'in ma sai da muka shiga aji sannan muka gane idonmu ya fara ja da baya, sai an miƙe hannu da littafi can nesa kafin baƙi ya fito. Sannan daga Karaye har Rogo, da wuya ki shiga unguwa ba ki tarar da wata tsohuwa a ƙuryar ɗaki ba, yana ta rufe mata ido, ta daina sana'a, ta daina zuwa suna da biki. Galibi kuma jikarta mace ake ajiyewa a gida ta zama 'yar jagora, makaranta ta tsaya ke nan. Kun ga ciwon mutum ɗaya ya ci mutum biyu. Wannan likita a kan wannan matsala ya ƙarar da rayuwarsa.

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1918, a wani ƙauye mai suna Vadamalapuram a kudancin Indiya, yankin da yanzu ake kira jihar Tamil Nadu. Lokacin Turawan Ingila ne suke mulkinsu, kamar yadda suke mulkinmu a nan. Iyayensa manoma ne, shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Ba takalmi yake tafiya makaranta, kuma a kan rairayi ya fara koyon rubutu da ɗan yatsa. Ƙauyen nasu babu likita ko ɗaya. Kafin ya wuce shekara goma, mata uku a danginsu sun rasu a kan ciki da haihuwa. Wannan abu bai fita daga ransa ba, tun yana yaro ya ƙudura cewa likitan haihuwa zai zama.

Ya yi karatu a birnin Madurai, ya sami digiri a 1938. Daga nan ya wuce makarantar likitoci ta Stanley a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, ya gama a 1944. A 1945 ya shiga aikin soja a matsayin likita. Komai yana tafiya daidai, sai ƙaddara ta faɗa masa. Wani mugun amosanin gaɓɓai ya kama shi, irin wanda yake kumbura mahaɗar ƙashi ya murɗe ta. A 1948 soja suka sallame shi, yana da shekara talatin kacal. Ya fi shekara guda a kwance, ko alƙalami ba ya iya riƙewa. Da ya tashi, yatsunsa na hannu duk sun karkace, kuma haka suka zauna har ya koma ga Mahaliccinsa. Raɗaɗin ciwon ma bai taɓa rabuwa da shi ba.

To da irin wannan hannu ba a karɓar haihuwa. Burin da ya ɗauko tun yana yaro ya rushe. Wani da sai ya koma ƙauye ya zauna ana yi masa sannu. Shi kuwa sai ya juya ya koma fannin ido. Ku duba fa, aikin ido ya fi kowane aiki son hannu mai laushi, domin wurin da ake yankawa bai kai faɗin farce ba. Haka ya zauna yana koya wa murɗaɗɗun yatsun nan riƙe wuƙar tiyata, yau da gobe, har aka ƙera masa kayan aiki daidai da hannunsa. Ya sami shaidar ƙwarewa a aikin ido a 1951, ya ƙara da babbar shaida a 1955. A 1956 aka ba shi shugabancin sashen ido a makarantar likitoci ta gwamnati a Madurai, ya yi shekara ashirin a wannan kujera. A tsawon rayuwarsa, da waɗannan yatsu ya yi wa ido fiye da 100,000 aiki.

Bari mu ɗan tsaya mu faɗi mece ce yanar ido, don da yawanmu mun ɗauka wata fata ce take tsirowa a saman ido. Ba haka ba ne. A can cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan abu garau kamar gilashi, bai fi ƙwayar wake ba. Ta cikinsa haske yake wucewa. Idan shekaru suka ja, sai ya fara dishewa kamar gilashin fitilar ƙwai da ya sha hayaƙi. Mutum ya fara gani hazo-hazo, a hankali har ya koma ba ya gane komai sai haske da duhu. Ciwon suga da buguwa a ido suna iya kawo ta da wuri, har jariri ana iya haifa da ita. Babu maganin ɗigawa, babu tozali, babu jiƙon da yake wanke ta. Sai dai likita ya cire abin da ya dishe. A da, idan an cire sai a ba mutum tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Yanzu wani ɗan gilashin roba ake sa wa a gurbin, aikin 'yan mintoci ne, washegari a buɗe ido mutum ya ga jikokinsa.

Wannan shi ne abin da yake ci wa Dakta V rai. Miliyoyin mutane a ƙasarsa suna zaune a duhu, alhali abin da ya makantar da su aikin 'yan mintoci ne. Mutanen ƙauye ba sa zuwa asibitin birni, sai ya ce to asibiti ya je wurinsu. Ya riƙa kwasar ma'aikata da kayan aiki ana shiga ƙauyuka, a sauka a makaranta ko wani babban zaure, a duba jama'a, a yi wa masu yana aiki.

Bai tsaya a kan tsofaffi ba. Ya lura yara ƙanana da yawa suna makancewa saboda rashin sinadarin bitamin A a abincinsu. Abin yana farawa da dundumi, yaro ya riƙa laluben hanya da zarar rana ta faɗi, daga nan idon ya bushe, ya yi gyambo, ya mutu. Ƙyanda tana ƙara tsananta shi. A 1971 ya buɗe wani gida a Madurai inda ake kwantar da irin waɗannan yara tare da iyayensu mata. Ana jinyar yaron, ita kuma uwar ana koya mata dafa abinci mai gina jiki da ganyaye masu araha da suke kusa da ita, don idan ta koma gida kada ciwon ya dawo. A nan wurinmu wannan sinadari yana cikin zogale, da manja, da karas, da gwanda, da mangwaro, da hanta, da ƙwai. Shi ne kuma ɗan ƙwanson nan ja ko shuɗi da ma'aikatan lafiya suke matsa wa yara a baki lokacin rigakafi. Kada mu riƙa ɓoye yara idan sun zo.

A 1965 ya haɗu da wani Bature ɗan Ingila, Sir John Wilson, wanda shi kansa makaho ne tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Shi ne ya kafa ƙungiyar da a yau ake kira Sightsavers, wadda take aikin ido a jihohin arewacin Nijeriya. Abota mai ƙarfi ta shiga tsakaninsu, suka yi ta aiki tare. A 1973 gwamnatin Indiya ta ba Dakta V lambar girma ta Padma Shri.

A 1976 ya cika shekara 58, dokar aiki ta ce ya yi ritaya. Ga tsufa ya fara, ga ciwo, ga ɗan fansho. A nan ne fa ya ce yanzu zai fara aikin da yake so. Ya nemi bashi a banki don ya buɗe asibitin ido, banki suka hana shi. Mu da muka taɓa neman jari mun san wannan zafin. Sai ya tara 'yan'uwansa na ciki ɗaya. Aka jinginar da gida, matan gidan suka kawo gwala-gwalansu aka jinginar. Da wannan kuɗi aka buɗe asibiti a wani gida a Madurai, gado goma sha ɗaya tak. Gado shida na waɗanda ba su da ko sisi, biyar na masu iya biya. Ya sa wa asibitin suna Aravind, don tunawa da Sri Aurobindo, wani malami da yake bi a addininsu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙanwarsa Dakta Natchiar, wadda shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ita ma likitar ido ce, haka mijinta Dakta Namperumalsamy. Suka dawo wurinsa a kan albashi ɗan kaɗan. Ƙaninsa Srinivasan ya riƙe harkar gini da kuɗi. Yadda suka yi ginin ma irin namu ne na 'yan kasuwa. Ba su ci riba ba, abin da ya shigo sai a mayar cikin uwar kuɗi. A gina hawa ɗaya a fara aiki a ciki, abin da aka samu a ɗora na biyu.

Tsarin da ya kafa shi ne abin da ya fi ba mu mamaki. Idan mutum ya zo, shi zai zaɓa da kansa, ɓangaren biya zai shiga ko na kyauta. Ba mai tambayarsa takardar shaidar talauci, ba mai tozarta shi. Likitocin da suke yi wa mai kuɗi aiki su ne dai suke yi wa talaka, ana juya su tsakanin ɓangarorin biyu. Bambancin yana wurin kwana ne, mai biya ya sami ɗaki da gado, na kyauta ya kwana a babban ɗaki a kan tabarma. A zamaninsa, fiye da rabin waɗanda ake yi wa aiki ba sa biyan komai ko kuma ɗan abu kaɗan suke bayarwa. Duk da haka asibitin yana riƙe kansa da kuɗin masu biya, har a sami rarar da za a yi sabon gini.

Za ku ce ta yaya? Amsar tana wurin mai ƙosai. Idan ta hura wuta ta ɗora mai don ƙosai goma, ta faɗi. Idan wutar nan da man nan suka soya ɗari biyar, ko da araha ta sayar ta ci riba. Dakta V ya je Amurka ya ga shagunan abinci na McDonald's, ya ga yadda suke sallamar dubban mutane cikin sauri, kuma abincin ɗanɗanonsa ɗaya a kowane gari, don an tsara wa kowa aikinsa. Mutane suka riƙa mamakin likita yana zancen shagon abinci. Shi kuwa tsarin yake kallo. A ɗakin tiyatar Aravind, likita yana zama tsakanin gadaje biyu, da madubin aiki guda ɗaya mai juyawa. Yana yi wa na dama aiki, ma'aikata suna shirya na hagu. Yana gamawa sai ya juyo da madubin, kafin ya gama da wannan an kawo wani a gadon farko. Likita ba ya ɓata lokaci a kan abin da wani zai iya yi. Da haka likita ɗaya a can yake yin aiki wajen 2,000 a shekara, ninkin-ba-ninkin abin da sauran likitocin ido na ƙasar suke yi.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? 'Yan mata ne na ƙauye. Wannan wurin muna so iyaye mata su saurara da kyau. Asibitin yana ɗauko 'yan matan da suka gama sakandare a ƙauyuka, a ba su horo na shekara biyu. Dakta Natchiar ce ta daɗe tana kula da wannan horo. Su ne masu gwada ido, su ne masu shirya majinyaci, su ne masu miƙa kayan aiki a ɗakin tiyata, su ne masu zama da tsohuwa su kwantar mata da hankali da yarenta har tsoro ya fita. Su ne suka fi yawa a ma'aikatan asibitin, kuma ba don su ba tsarin nan ba zai tsaya ba. Yarinyar da a wani gidan da jagora za ta zama, a can ita ce take taimakawa a buɗe idon.

Wani darasin kuma, sun gano cewa kyauta kaɗai ba ta isa. An ce aiki kyauta ne, amma mutane ba su zo ba. Da aka bincika sai aka ga dalili. Tsohuwa ba ta da kuɗin mota. Ba ta da mai raka ta, don wanda zai raka ta zai rasa cinikin ranar. Ba ta san abin da za ta ci a birni ba. Ga tsoron wuƙa, ga masu cewa tsufa ne, a haƙura. Sai asibitin ya riƙa turo mota ƙauye ta kwashi waɗanda aka tantance, a ba su abinci da wurin kwana, a yi aiki, a mayar da su gida tare. Duk da haka, wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna cikin mutum 100 masu matsalar ido a ƙauyukan da aka duba, waɗanda suke zuwa wurin duba idon ba su kai 7 ba, kuma maza sun fi mata zuwa. Ba su ɓoye wannan sakamako ba. Daga baya suka shiga buɗe ƙananan wuraren duba ido na dindindin a garuruwan karkara.

Saura tsadar ɗan gilashin roban nan. Daga ƙasashen Turawa ake sayo shi, guda ɗaya yana kaiwa dala 100, don haka mai kuɗi kaɗai ake sa wa, talaka a ba shi tabarau mai kauri. Dakta V bai yarda da wannan bambanci ba. A 1992 suka kafa masana'antarsu mai suna Aurolab, suka fara yin gilashin da kansu, farashi ya faɗo zuwa dala 10, daga baya ma ya yi ƙasa da haka. Yau ana kai kayan wannan masana'anta ƙasashe fiye da 100. A wannan shekara dai suka buɗe cibiyar koyar da wasu asibitoci yadda ake tsarin. Wato sirrin sana'arsu suka buɗe wa kowa, har da masu gasa da su. A kasuwa mun san ba kowa yake iya wannan ba.

Asibitin ya yi rassa tun yana raye, a Theni a 1985, a Tirunelveli a 1988, a Coimbatore a 1997, a Pondicherry a 2003. Shi kansa bai taɓa aure ba, a gidan ƙaninsa ya zauna. Mutum ne mai sammako, mai tsanani a kan aiki, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun sha faɗa, 'yan'uwansa ma bai raga musu ba. Ya rasu ranar 7 ga Yuli, 2006, a Madurai, yana da shekara 87. Aikin bai mutu da shi ba, har Nijeriya ya iso. Asibitin ido na gidauniyar Tulsi Chanrai da aka ƙaddamar a Abuja a 2019, da haɗin gwiwar Aravind aka kafa shi, kuma a kan wannan tsari yake tafiya.

Yanzu mu dawo gida. An yi babban binciken ido a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007. Aka samu cikin mutum 100 da suka kai shekara 40, wajen 4 makafi ne, kuma arewa ta fi kudu yawansu. Yanar ido ce ta fi komai makantar da mutane, ita ce sanadin kashi 43 cikin 100. Kashi 84 cikin 100 na makantar kuwa, abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Binciken ya kuma nuna cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ba likita ne ya yi ba, masu yawo gari-gari ne da suke soka tsinke su tura yanar cikin ido. Ranar farko mutum yakan ga haske ya yi murna, amma da yawa daga baya idon yake lalacewa gaba ɗaya, ya kai inda likita ma ba abin da zai iya. Don Allah kada mu kai iyayenmu wurinsu, komai arahar da suka yi.

Wuraren zuwa muna da su. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da yake aiki tun 1943, akwai asibitin ido na Makka, akwai sashen ido a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai babbar cibiyar ido ta ƙasa. Sannan ba kowane rashin gani ne yana ba. Akwai hawan jinin ido, wanda yake cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa duk wadda ta kai arba'in ya kamata a gwada mata ido ko ba ta jin komai, balle idan akwai mai shi a dangi. Mu kuma daina ɗiga wa ido duk abin da aka ce mana, ko nono, ko ruwan ganye, ko maganin da muka saya a kemis ba likita ne ya rubuta ba.

Abin da muke roƙo a wannan taro na cikar shekara ɗaya ne. Abin da ya hana matan ƙauyen Indiya zuwa asibiti shi ne yake hana namu, kuɗin mota zuwa Kano da mai rakiya. Wannan kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Yadda muke zubin adashi, za mu iya ware ɗan wani abu duk wata don kuɗin motar tsofaffin da yana ta kama. Wadda ta raka, maƙwabciyarta a kasuwa ta tsare mata kaya ranar. Kowace a cikinmu ta duba gidansu da maƙwabta, ta kawo sunan tsohuwa ko tsohon da ya daina gani a zama na gaba, mu ga ta inda za mu fara.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya bar mu da idanunmu har ƙarshen rayuwa, Ya kai mu wata shekarar. Inda muka yi kuskure a rubutu a yafe mana, ɗalibai ne mu har yanzu.

Daga 'yan'uwanku 'yan kasuwa na ajin yaƙi da jahilci, Karaye.